Rasuwar Firizar da Ta Ci Mini Gwaza Wata Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da ba zai rubutu a takardar coci ba, ni Pelenato Sauvao, direban bas na unguwar Woodridge a birnin Logan, a madadin iyalina, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar firizarmu ta gareji. Ta riga mu gidan gaskiya cikin watan Janairu, a ranar da har yanzu babu wanda ya san ko wacce ce, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara goma sha huɗu a duniya. Ta cika ita kaɗai, cikinta cike taf, babu kowa a kanta.

Duk wanda ya taɓa shiga garejinmu ya san marigayiya. Fara ce, doguwa a kwance, mai murfi ɗaya da tsatsa kaɗan a ƙugu. Ita ta riƙe rabin saniya lokacin makokin Baba, ba ta ce uffan ba. Ita ta riƙe kwalayen cinyar kaza na bikin ƙanwata, da kifin da 'yan'uwa ke aiko mana daga Apia, can ƙasarmu ta asali, da ƙanƙarar duk wani taro na cocinmu. Ba ta taɓa neman gyara ba. Maganarta ɗaya ce tun ranar da ta shigo gidan nan, "hmmmmm", a hankali, kamar dattijuwar da ta ji labari ta yanke shawarar ba za ta kai shi gaba ba. Wannan riƙon sirri shi ne mafi kyawun halinta, kuma shi ne ya yi ajalinta.

Ciwon marigayiya ya samo asali ne daga nawa. A watan Yuni na je gwajin lafiya da ake yi wa direbobi, na hau sikeli ya nuna kilo ɗari da talatin da takwas. Likita Petrakis, wata 'yar siririya da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, ta duba sakamakon jinina ta cire tabarau. Ta ce suga ya hau, kuma idan bai sauka ba zuwa Fabrairu, ba za ta sa hannu a takardar lasisina na tuƙi ba. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa bas, ban iya wata sana'a ba.

Ta shimfiɗa mini takardu uku a tebur ta ce in zaɓa. Ta farko ta ce a auna kowace loma a rubuta, ni kuwa ko a makaranta lissafi bai taɓa ƙaunata ba. Ta biyu ta ce kar a ci komai sai azahar, alhali ƙarfe biyar na asuba nake fitar da bas. Ta uku ta ce a bar abinci mai sitaci.

Na ce, "Likita, nama fa?"

Ta ce, "Ci abinka."

"Kifi? Ƙwai? Madarar kwakwa?"

"Duk ci, amma da hankali."

Na ce, "To ai wannan ba horo ba ne, gata ne. Ba ni ita."

Sai da na shiga mota na juya bayan takardar. A nan aka jera sunayen waɗanda aka raba ni da su: gwaza, ɗanyar ayaba, shinkafa, burodi, taliya, fanke. Wato duk abin da uwata ta gina jikin nan da shi. Na zauna a wurin ajiye motoci na karanta jerin sau uku, ko Allah zai sa in ga an yi kuskure.

Ba zan ɓoye wa masu ta'aziyya abin da na ci a watannin nan ba, don su san ba da wasa aka kai marigayiya ga halaka ba. Na ci farin kabeji da aka niƙa aka ce mini wai shinkafa ce. Ƙarya ce, kuma wanda ya fara faɗar haka bai taɓa son kowa ba. Na ci wani abu da matata Sieni ta gasa da ƙwai da garin almon, wata 'yar'uwar gyaɗa, ta kira shi burodi, ya yi kama da soson wanke kwano, ɗanɗanonsa ma bai yi nisa da shi ba. Makon farko kaina ya yi kamar zai tsage, bakina ya riƙa wani wari har wata tsohuwa da ke shiga bas ɗina kullum ta ajiye mini alewar na'ana'a a gefen sitiyari. Ranar Asabar na tsaya wurin masu gasa tsiran nama don tara kuɗin ƙungiyar ƙwallo, irin wanda a nan cikin burodi ake miƙo shi, na ce a ba ni tsirara, ba burodi. Mai gashin ya miƙo mini shi a takardar goge hannu yana kallona da tausayi, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, ɗan'uwa." Duk wannan na jure, kuma da a ce mako kwana shida ne, da marigayiya tana nan da ranta.

Amma akwai Lahadi. Bayan an taso daga coci, kowa ya san inda ake zuwa, gidan Inna Talaleu, mahaifiyata, don to'ona'i, wato babban cin abincin dangi na ranar Lahadi. A kan tebur na iya dabara. Na cika faranti da kifi da ganyen gwaza mai madarar kwakwa, na riƙa tura gwazar gefe ina jan kawuna da hirar ƙwallo. Matsalar tana bakin ƙofa. A nan Inna take tsayawa da robobin askirim da ta cika, kowa da tasa, sunanta a rubuce a gindin kowace roba da jan farce. Shekararta saba'in da huɗu, gwiwoyinta sun gama aiki, amma tun ranar Asabar take zama tana kankare gwaza. Ku da kuke karanta wannan, ku gaya mini wanda ya taɓa ce mata a'a a bakin ƙofar nan ya kwana lafiya.

Lahadin farko na kawo robar gida na ajiye a kicin, ni da robar muna kallon juna.

Sieni ta ce, "Ka gaya wa Inna kawai."

Na ce, "Zan gaya mata."

"Yaushe?"

"In na ga fuska."

"Inna ba ta da fuskar da za ka gani, Nato. Kuma kar ka kalle ni, ni ba juji ba ce. Da kai na fara cin kabejin nan, da kai zan gama."

Na ɗauki robar na nufi kwandon shara. Har na ɗaga murfin kwandon, sai na ga jan farcen nan a gindin roba, harafin farko ya karkace saboda tsufa ya taɓa hannun Inna. Na kasa. Na juya na shiga gareji na ɗaga murfin marigayiya. Ta karɓa, ta ce "hmmmmm", shi ke nan aka ƙulla.

Abin da ban yi tunani ba shi ne tsarin zai yi aiki. Zuwa Agusta na sauke kilo tara, wuyan rigata ya fara yawo. Inna ta kama damtsena a gaban kowa ta matsa, ta juya ta kalli matata.

"Sieni, me kike ba ɗana ne? Iska?"

Sieni ta kalle ni. Ni kuwa na kalli silin. Wannan shi ne abin kunya mafi girma a cikin labarin nan, kuma na rubuta shi ne don ya zauna a rubuce. Daga ranar robata ta zama biyu.

Labari ya zaga coci cewa Nato yana ramewa, matarsa ba ta girki. Goggo Fuatino, yayar Baba, ta fara aiko da taliya mai nama a babbar roba mai shuɗin murfi. Matar Fasto ta aiko da fanke. Matan ƙungiyar mawaƙa suka raba makonni a tsakaninsu. Ina ƙara ramewa suna ƙara zubawa, suna ƙara zubawa marigayiya tana ƙara haɗiyewa. Duk Lahadi Inna sai ta tambaye ni, "Ka cinye?" Ni kuma in ce, "Ko ƙwara ban bari ba, Inna." Sai ta yi murmushi, sannan ta harari Sieni.

A watan Oktoba, bayan bikin Lahadin Yara, alamun ciwo suka bayyana. Murfin marigayiya ya daina rufuwa da kansa. Na danna da gwiwa, ya ɗago. Na zauna a kai, amma a lokacin nauyina ya ragu, ban isa ba. Na je bayan gida na ɗauko bulo biyu na ɗora mata. Muryarta ta sauya daga "hmmmmm" zuwa "garrr, garrr", wani lokaci ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce "ƙit" ta ci gaba. Ƙanƙara ta fito mata a gefen baki. Sieni ta tsaya a ƙofar gareji ta riƙe ƙugu ta ce, "Wannan baiwar Allah tana neman taimako, kai kuma kana ƙara mata bulo." Na ce bayan Kirsimeti zan san abin yi. Kirsimeti ya zo da roba goma sha ɗaya.

Ranar uku ga Janairu muka hau jirgin sama zuwa Auckland bikin ɗiyar kawuna, ni da Sieni da Inna, kwana tara. Kafin mu fita na leƙa gareji. Ta ce "garrr", ta yi tari sau biyu, ta ce "ƙit". Wannan ce kalmarta ta ƙarshe da wani ya ji. Rufin garejinmu na kwano ne, kuma duk wanda ya zauna a Logan ya san yadda rana take a Janairu, don a nan shi ne watan tsananin zafi.

Mun dawo da rana tsaka. Daga filin jirgi muka biyo ta gidanmu don mu ajiye kaya kafin in kai Inna nata gidan. Tun daga kwanar layi Sieni ta ɗaga gilashin mota. Maƙwabcinmu Kev, tsohon mai aikin famfo, yana tsaye a bakin shinge da tawul ɗaure a hanci. Ya leƙa cikin motar yana ƙirga mu da yatsa.

Ya ce, "Ɗaya, biyu, uku. To, alhamdu, kun cika. Wallahi Nato, da yau ba ku dawo ba 'yan sanda zan kira. Kwana huɗu karena ya ƙi fita tsakar gida."

Na ce wa Inna ta zauna a mota. Ban san me ya sa na ɓata bakina ba.

Ina roƙon masu raunin zuciya su tsallake wannan sakin layi. Da na ɗaga ƙofar gareji, ƙudaje ne suka fara yi mini sannu da zuwa, manya, koraye, masu ƙiba, waɗanda ba su taɓa jin labarin rage sitaci ba. Wani ruwa mai launin toka ya biyo ƙasan marigayiya ya malale har ƙarƙashin injin yankan ciyawa. Bulo ɗaya ya faɗi, don cikin ya kumbura ya ture shi. Na ja rigata na rufe hanci na ɗaga murfin. Robobi suna iyo. Murafensu sun kumbura, wasu sun fashe. Gwazar ta zama kunu, kunun ya yi gashi. Taliyar Goggo Fuatino tana motsi, kuma ba iska ce ke motsa ta ba. Warin bai tsaya a hanci ba, ya shiga baki ya zauna a kan harshe, har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Na durƙusa a gefen injin yankan ciyawa na amayar da ƙwai biyun da na ci a jirgi.

Da na ɗago, Inna tana tsaye a kan marigayiya da sandarta. Ba ta rufe hanci ba. Ta sa hannu cikin ruwan nan ta ɗauko roba, ta juya gindinta, ta ga sunanta. Ta ajiye a ƙasa. Ta ɗauko wata. Ta gane ta Kirsimeti, ta gane ta Lahadin Yara, ta gane wadda ta saka mini ranar haihuwata da ƙarin ayaba. Haka ta riƙa tonowa tana komawa baya wata bayan wata, har ta kai ƙasa.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun Yuni, Inna."

"Ko loma ɗaya?"

"Ko loma ɗaya."

"Girkina ne ya lalace?"

Wannan tambayar ta fi warin ciwo. Na ciro takardar likita daga walat ɗina, ta yi laushi saboda ninki, na karanta mata gaba da baya. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Gwaza ma?"

"Gwaza ma, Inna."

Waɗanda suka san gidanmu sun san suga ne ya ci Baba, ya fara da yatsun ƙafa, ya ɗauki ƙafar, sannan ya ɗauke shi, shekara tara ke nan. Inna ta hana shi sukari a shayi tun ranar farko, ta ɗauka ta gama nata. Har makonsa na ƙarshe tana kai masa gwaza asibiti a ɓoye cikin jaka don ya ji ƙarfi.

Ta ce, "Babanka ya san da wannan jerin?"

Ni na kai shi asibiti ranar da aka ba shi tasa takardar. A mota ya ninke ta ya tura a aljihu, ya ce in na gaya wa Inna sai ya saɓa mini. Da zan iya yin ƙarya a nan, amma ƙaryata tana kwance a gabanmu tana wari.

Na ce, "Ya sani. Ya ce kar in gaya miki, wai ranki zai ɓaci."

Inna ta jingina da marigayiya. Ta daɗe tana kallon robobin da ta jera a ƙasa.

Ta ce, "Shi ya ɓoye mini ya ci. Kai ka ɓoye mini ka zuba a akwati. Ku biyu babu wanda ya ga na isa a gaya mini gaskiya. Ina can ina kankare gwaza da hannun nan, ina cewa ƙauna nake zubawa."

Sannan ta juya wurin Sieni, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "'Yata, zo nan. Wata biyar ina cin mutuncinki a gaban mutane kina shiru. Ki yafe mini." Sieni ta fashe da kuka. Inna ta sunkuya a hankali, da gwiwoyin nan nata, ta cire silifas ɗinta. Shekarata arba'in da tara, ina da jika, amma Kev shaida ne, sau huɗu ta same ni kafin in kai bakin shinge.

Marigayiya ta rasu ta bar robobi sittin da uku. Talatin da takwas na Inna ne, tara na Goggo Fuatino, shida na matar Fasto, sauran na matan ƙungiyar mawaƙa. Ta bar bulo biyu. Ta bar ƙanenta, ƙaramin firij na kicin, wanda ko rabin kankana ba ya iya ɓoyewa. Ta bar bel ɗina mai sababbin huji huɗu, da tabo a simintin gareji wanda ruwan bilic ya gaza da shi. Ta kuma bar ni, kilo ɗari da goma sha bakwai, da takardar lasisi wadda Likita Petrakis ta sa wa hannu ranar Talatar da ta wuce. Likita ta ce in yi alfahari da kaina. Ban gaya mata wadda ta ɗauki nauyin ba.

Ga iyayena mata na coci: an wanke robobinku sau uku, da hannuna, bisa umarnin Inna, tana zaune a kujera tana duba kowace ɗaya a rana. Zan kawo wa kowa tata har gida, in tsaya a bakin ƙofa in faɗi abin da na yi da bakina. Goggo Fuatino, shuɗin murfinki bai tsira ba, kuma gara kar ki tambayi yadda aka yi. Duk wadda ta taɓa faɗin wata magana a kan girkin Sieni, Inna ta ce ta san sunayenku, kuma ta ba ku zuwa Lahadi.

Lahadin da ta wuce Inna ta dafa mini farin kabeji a cikin madarar kwakwa, yadda take dafa gwaza. Ba zan yi ƙarya a takardar rasuwa ba, abin ba ya ciwuwa. Ya narke, ya yi ruwa, yana warin safa. Ta ja kujera ta zauna a gabana ta harɗe hannu, na cinye tas, ta ƙara mini. A bakin ƙofa ta ba kowa robarsa, ni kuma ta shafa kaina ta ce in wuce.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Alhamis da safe, lokacin da motar kwashe tarkace ta ƙaramar hukuma za ta biyo layinmu. Za a fitar da ita bakin titi tun ranar Laraba da yamma, an cire mata murfi kamar yadda doka ta ce. Ana neman maza huɗu masu ƙarfi da ƙarfin zuciya, kowa ya zo da safar hannu da tsohuwar rigar da ba ya so. Kev ya ba da uzuri. Za a yi zaman makoki a tsakar gida, ta ɓangaren da iska ke fitowa.

Masu zuwa ta'aziyya, kar a kawo abinci. Na san tunda aka kafa cocinmu ba a taɓa jin makokin da aka faɗi haka ba, kuma ba ni na faɗa ba. Inna ce ta ce in rubuta, kuma za ku same ta zaune a bakin ƙofa da sandarta tana duba hannun kowa. Ta ce ta riga ta binne mutum ɗaya da tukunyarta, ba za a ƙara ba.